Ɗaki Mai Ƙafa Ɗaya

A ofis Yallaɓai ake ce masa, a wurin taro kuwa Masani, amma a gidan ubansa har yau Auta ne, duk da furfurar da ta fara keto masa a gefen kunne. Mu ma Autan za mu riƙa ce masa, don labarin na gida ne, ko da yake a gaban jama'a ya faru.

Sana'arsa ba da shawara kan tsarin gari. In hukuma za ta fasa sabon titi, ko za ta tashi kasuwa, ko tana neman mutanen wata unguwa su amince da abin da ba sa so, shi ake nema. Ya san inda ruwan sama zai bi in ya sauka, ya san faɗin da ya kamata a bar wa magudana, ya kuma san yadda ake gaya wa mutum za a rushe masa katanga har mutumin ya raka ka bakin ƙofa yana godiya. Wannan na ƙarshen ne ya saya masa mota. Amma kada mu ɗauki alhakinsa, ba mayaudari ba ne. Akwai unguwannin da a da in hadari ya haɗo sai mata su fara ɗora katifu a kan kabad, yanzu barcinsu suke yi, kuma aikinsa ne. Laifinsa ɗaya: Allah ya ba shi baki, shi kuwa mai baki in ya ji ana dariyar maganarsa mantawa yake inda birki yake.

Duk wanda ya taɓa zama a laccarsa ya san ɗaki mai ƙafa ɗaya. Hoto ne da yake haskawa a allo idan ya zo bayanin masu gini a kan hanyar ruwa. Wani ɗan ɗaki ne a sama, rabinsa zaune a kan katangar gida, rabinsa ya leƙo waje a kan kwata, an kafa masa ginshiƙi guda a tsakiyar kwatar ya tallafe shi. Da hoton ya fito sai Auta ya yi shiru, ya bar mutane su cika ido. Sannan ya ɗaga ƙafa ɗaya ya tsaya a kan ɗayar, yana tangaɗi da kwat ɗinsa.

"Mai gidan nan ya duba gabas ba fili," yakan ce, "ya duba yamma ba fili. Sai ya ce, to ai sama ba ta da mai ita, kwata ma ba ta da mai ita."

A yi ta dariya. In ta lafa sai ya sauke ƙafar, ya sauke murya, ya kawo ta ƙarshen: "Wannan shi ne abin da ke faruwa idan jahilci ya samu siminti."

Abin da masu dariyar ba su sani ba, ɗakin a gidan ubansa yake, kuma dominsa aka gina shi.

Baba mai gyaran keke ne, rumfarsa a bakin lungu. Gidan ɗan tsukuku, 'ya'ya da jikoki sun cika shi maƙil. Shekarar da Auta zai zauna babbar jarrabawa ba inda zai buɗe littafi, nan ana wanki, can rediyo, can wani jariri yana tsala kuka. Wata rana Baba ya shigo ya same shi tsugune a bayan randa da littafi a cinya, ya toshe kunnuwa da yatsu. Ya juya ya fita. Sai dai aka ga ya fara tara bulo, yau biyu, jibi uku. A ƙasa babu wurin ko shimfiɗa tabarma, don haka ya hau sama. Ranakun hutu ya yi aikin, shi da wani abokinsa da ya taɓa yin leburanci. Tagar ta wata tsohuwar motar bas ce da ya sayo wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Tsanin kuwa da gangar jikin matattun kekuna ya haɗa shi, aka yi masa walda. Marigayiya mahaifiyarsu ta ɗinka labule. A ɗakin nan Auta ya ci jarrabawar, a cikinsa ya yi karatu har ya gama jami'a.

Gaskiya ɗaya ce, ginshiƙin yana tare shara. In an yi ruwa mai ƙarfi, leda da tsummoki su naɗe shi, ruwa ya ja da baya har ƙofar maƙwabta. Shi ya sa Baba ya jingine manjagara a jikinsa. Da ya ji ɗigon farko a kan kwano sai ya naɗe wando ya shiga kwatar.

Yadda hoton ya shiga laccar ba wata mugunta a ciki, kuma wannan ne ya fi ciwo. Lokacin Auta sabon shiga ne, ba ofis, ba mota, takalmi ƙafa ɗaya. Aka ba shi dama ya yi wa 'yan majalisar gari bayani kan ambaliya. Ana gobe taron ya nuna wa wani tsohon hannu abin da ya shirya, duk lambobi da taswira. Mutumin ya yi hamma ya ce, "Yaro, lamba barci take sa manya. Nemo musu abin da za su gani." Auta ya fito ƙofar gida, ya tsallaka lungu, ya juyo ya ɗauki abin da ya fi kusa. Washegari da hoton ya fito wani ɗan majalisa ya tuntsire da dariya, Auta ya ji daɗi, bakinsa ya ƙara gishiri. Aka amince da aikin magudanar a zaman nan, aka kuma riƙe sunansa.

Tun daga ranar yake cewa zai canza hoton. Ya je garuruwa ya ɗauko waɗanda suka fi shi muni, amma ba wanda ke tayar da dariya irin wannan. Yakan lallashi kansa da cewa ai ba mutum a ciki, ba lambar gida, ba wanda zai gane. A wajen kula da uba kuwa ba ka raina masa. Kayan abinci ba sa yankewa, kuɗin asibiti ba a tambaya sau biyu, ya ma taɓa cewa zai saya wa Baba gida a sabuwar unguwa, tsohon ya ce shi inda matarsa ta bar shi nan zai jira. Sai dai in ya zo gaisuwa a bakin lungu yake ajiye mota, ya shigo kansa a ƙasa, ba ya ɗaga ido sama. Baba kuwa ba shi da hira da maƙwabta sai ta ɗansa. "Autana," yakan ce, "shi ke gaya wa hukuma inda za ta sa titi."

Ana nan sai ƙungiyar masu sana'arsu ta ce za ta karrama shi. Za a yi taro a babban ɗakin wani otal, ya yi lacca, a ba shi lambar yabo. Ya faɗa wa yayarsa a waya, irin faɗin nan na mai son a yaba masa. Yaya ita ce babba a gidan, ita ta goye shi, ita ke kula da Baba tun rasuwar mahaifiyarsu. Bai gayyace su ba, bai kuma ce kada su zo ba. Bai taɓa kawowa a ransa ba ne.

Ranar taron, ya yi nisa da laccar, yana cikin bayanin yadda gari ke girma ba tare da ya nemi izinin kowa ba, sai idonsa ya kai layin baya, kusa da ƙofa. Yaya ce ta ɗaga masa hannu tana murmushi. A gefenta Baba, sanye da rigarsa ta fita wadda har yanzu karin ninki bai bar ta ba, ya kafa sandarsa tsakanin gwiwoyi, ya miƙe wuya kamar ɗalibin da aka sa a gaban aji.

Auta ya san jerin hotunan nan kamar yadda ya san hanyar gidansa, ya san ɗakin na tafe. Bakinsa na magana, kansa na lissafi. Dabarar da ta zo masa mai sauƙi ce: in an zo wurin ya danna rimot sau biyu da sauri, ya wuce. Haka ya yi. Ɗakin ya ɗan gifta a allo, taswira ta maye gurbinsa, ya ci gaba da magana kamar ba a yi komai ba.

Shugaban taro ne ya ɓata. Wani dattijo ne da ya yi ritaya daga babban muƙami, shi ya riƙe hannun Auta tun yana ƙarami a aikin, shi ya buɗe masa ƙofofi da yawa. Ya jawo makirufon gabansa yana dariya tun kafin ya yi magana.

"A'a, Masani, ba mu yarda ba. Koma baya. Ni fa saboda ɗakin nan na baro gida."

Wurin taro ya ɗauki tafi. Auta ya dubi rimot ɗin a hannunsa. Zai iya cewa lokaci ya ƙure. Zai iya cewa yau ranar godiya ce, ba ta ba'a ba. Mutumin da ke koya wa manyan jami'ai yadda ake zille wa tambaya, yau ya rasa ta inda zai zille. Ya danna.

Bai taɓa ganin hoton da girma haka ba, ya cika bango. Ga labulen mahaifiyarsa a taga, ya koɗe amma furanninsa na nan. Ga manjagara jingine a ginshiƙi. Shekara da shekaru yana haska hoton nan, yau ne ya ga manjagarar.

Ya yi niyyar ya faɗi abin da ya shafi aiki kawai, faɗin kwata da ƙarfin ruwa, ya wuce. Amma jama'a sun riga sun gyara zama. Wani a layin gaba ya ɗaga ƙafa yana nuna masa. An ce sabo turken wawa. Kafin ya ankara ƙafarsa ta bar ƙasa, gabas da yamma sun fito daga bakinsa, sama ba ta da mai ita, kwata ba ta da mai ita. Dariya ta cika ɗakin, shugaban taro har da share hawaye. Aka yi tsit ana jiran ta ƙarshen. Ya faɗe ta a hankali, cikin maƙogwaro, amma makirufo bai san a hankali ba.

Bai dubi layin baya ba. Ya ƙarasa laccar yana kallon agogon bango.

Da aka zo tambayoyi wata 'yar jarida ta miƙe. Ba da wata manufa ta yi tambayar ba, daga muryarta ka san abin ya tsaya mata ne kawai.

"Yallaɓai, ni ɗakin nan tausayi ya ba ni. Ka taɓa zama da mai gidan? Me ya sa ya yi shi haka?"

Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Abin da zai ce bai fi a ƙirga da yatsu ba: gidanmu ne, ga mai shi can zaune, don in yi karatu ya gina. Ya san aikinsa, ya san da ya faɗa taron nan tashi zai yi tsaye ana tafi. Amma in ya faɗa, dole kowa ya tuna kalmar da ya gama furtawa, ya kuma san wa aka jefa da ita duk shekarun nan. Ya dubi shugaban taro, ya dubi lambar yabon da ke ƙyalli a kan tebur.

"Ban samu mai gidan ba," in ji shi. "Wucewa nake yi na ɗauka."

Aka ba shi lambar, aka yi hotuna. Da jama'a suka fara watsewa ya ratsa zuwa baya. Ya rusuna ya gai da Baba. Tsohon ya dafa kansa.

"Allah ya yi maka albarka. Ashe haka ka iya magana."

Yaya kuwa jakarta take ta buɗewa tana rufewa. Sai ga shugaban taro ya iso, Auta ya ce mahaifinsa ne. Dattijon ya kama hannun Baba da hannu biyu.

"Malam, ka haifi ɗa. Ka ga ɗakin nan kuwa? Ni duk ranar da na gan shi sai cikina ya ƙulle."

"Ranka ya daɗe, idona ba ya kai nesa yanzu," in ji Baba. "Na dai ji ana dariya."

Auta ya ce direba ya kai su gida. Yaya ta ce da ƙafarsu suka zo, ta kama hannun Baba suka fita.

Wannan maganar ta ido ita Auta ya riƙe, kamar wanda ruwa ya ci ya samu reshe. Allon yana da nisa, fitilu a kashe, tsohon ma da ƙyar yake gane fuska daga tsallaken titi. Wataƙila bai gani ba. Sai da ya kama kansa yana fatan a ce idon ubansa ya fi yadda ake zato lalacewa, sannan kunya ta rufe shi a cikin mota, har ya kasa kallon direba a madubi.

Yana isa ofis ya goge hoton. Dannawa ɗaya ce, abin da ya gagare shi tsawon shekaru. Ya kira Yaya, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira washegari, ta kashe. Matarsa ta ce lafiya mutum ya karɓi lambar yabo ya dawo kamar wanda aka kora daga aiki, ya ce gajiya ce. Ya zauna yana tsara yadda zai ba da haƙuri, sai ya ji abin da ke fitowa irin wanda yake rubuta wa hukumomi ne in sun yi ɓarna: idan har an ji ba daɗi, ba da niyya ba ne, za a duba lamarin. Ya yi tsaki. Duk kalmomin ban haƙuri da ya sani ya riga ya sayar da su, babu wadda zai iya kaiwa gaban ubansa. Har bakin lungu ya je wata rana da yamma, ya hango rumfar da Baba ya bar wa almajirinsa na gyaran keke, ya ce wa direba su juya, ya manta wani abu.

Yaya ce ta kira da kanta, wata safiya yana shirin shiga taro. Ko gaisuwa babu.

"In kana da abin da kake so a ɗakinka, ka zo ka ɗauka yanzu."

Tun daga bakin lungu ya ji ƙarar guduma. Wannan karon ya ɗaga ido. An kware kwanon rufin, an jera shi a ƙasa. Leburori biyu na sama suna fasa bango, bulo na faɗowa cikin baro. An cire tagar bas ɗin an jingine ta a katanga, an kwantar da tsanin kekuna a gefen kwata. Maƙwabta sun fito ƙofar gidajensu suna kallo.

Yaya ta tare shi a ƙofa, ta rage murya don kada a ji.

"Ka zo ganin aikinka?"

"Yaya, wa ya sa su? Ki ce su tsaya."

"Ni? Na faɗa har bakina ya gaji. Ya ce ɗansa ya fi ni sanin aikin."

"Amma ai ya ce bai gani ba."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ido ne ya tsufa, Auta, kunne na nan. Ɗaki nawa ne a duniya mai ƙafa ɗaya a cikin kwata? Tun kana gabas da yamma ya kama hannuna ya matse. Ni na kai shi, ni na ce ya sa rigar fita. Wannan nawa ne, zan ɗauka. Naka kuwa ga shi can zaune."

Baba na tsallaken lungu a kan kujerar roba, a daidai inda Auta ya taɓa tsayawa ya ɗauki hoton. Yana nuna wa leburori da sanda, su bi a hankali kada bulo ya faɗa wa maƙwabci. Auta ya tsallaka ya durƙusa a gabansa cikin ƙura, da kwat ɗinsa da komai.

"Baba, don Allah ka sa su bari."

"Ka iso? Tashi, za ka ɓata wandonka."

"Baba, ka sa su bari. Zan gyara shi. Akwai yadda ake yi, a cire ginshiƙin a sa ƙarfe daga katanga, ɗakin ya tsaya."

"A'a. Abin da ba daidai ba, ba daidai ba ne. Kai ka faɗa, kuma manya sun yarda." Ya gyara riƙon sandarsa. "Ni abin da ya dame ni ɗaya ne. Shekara nawa kana ɗauke da abin nan a ranka, kana shigowa kana fita, ba ka taɓa ce min, Baba, ginin nan naka yana cutar mutane ba. Na san nauyina kake ji. Amma da ka faɗa min tun farko, da ba a kai ga haka ba. Ni ban yi makaranta ba, Auta. Na ga yaro yana son karatu, na ga sama a buɗe."

Auta ya zo ne da shirin a zage shi. Da tsohon zai ɗaga sandar nan ya sauke masa a gadon baya, da ya ji sanyi.

"Kuma ina so in yi maka godiya," in ji Baba.

"Godiya?"

"Da yarinyar nan ta tashi ta tambaye ka mai gidan, wallahi cikina ya ɗuri ruwa. Na ce shi ke nan, yau za a nuna ni a gaban manyan mutane, a ce ga uban Masani, ga aikinsa. Ni ba ta kaina nake ba, na tsufa. Kai nake ji, ranar da ake karrama ka. Sai na ji ka ce ba ka san mai gidan ba." Ya sa hannu ya dafa kafaɗarsa. "Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa min."

Auta ya ɗaga kai ya binciki fuskar ubansa. Yana neman gatse, ko ɗan ɗaci a gefen baki, wani abu dai da zai nuna magana ce aka mayar masa. Babu. Tsakani da Allah tsohon yake godiya.

"Baba, ba haka ba ne," ya ce. "Ba asirinka na rufa ba. Ni ne na ɗauki hoton, ni na mai da shi abin dariya, don a tafa min. A ɗakin nan na zama duk abin da na zama, kuma na tsaya a gaban mutane na ce..."

"Na ji abin da ka ce. Aikinka ne. Likita ma in zai koyar ai da ciwon wani yake nunawa." Ya ɗaga sanda ya yi wa na sama magana su kula da wayar lantarki, sannan ya dawo kansa. "Ɗaki kuwa ya gama nasa. Karatu aka gina shi a yi, an yi."

Bangon gaba ya tafi gaba ɗaya, ƙura ta tashi. Da ta lafa sai ga cikin ɗakin a fili, kowa na gani: ɗan kantan da yake ajiye littattafai, da baƙin hayaƙin fitila a bango daidai inda yake zama. Leburori suka sauko suka kewaye ginshiƙin. Bai yi gardama ba, dukan farko ya tsage, na gaba ya kwanta a cikin kwatar. Suka kwashe ɓaraguzan da shebur, wani ya watsa bokitin ruwa, ruwan ya wuce sumul ba abin da ya tare shi. Wani maƙwabci ya ce madalla.

Baba ya dogara sanda ya miƙe, ya tako har bakin kwatar ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo.

"Wayarka na nan?"

"Tana nan, Baba."

"To ɗauki wannan ma. In ka nuna musu wancan, sai ka nuna musu wannan a bayansa. Ka ce mai gidan ya ji magana, ya gyara. Kada mutane su tafi da cewa har ya mutu bai gane ba."

Auta ya ciro wayar don ba shi da ƙarfin yin musu. Ya ɗaga ta. A cikin gilashin ga katanga da tabon inda ɗaki ya zauna, ga kwata a buɗe, ga ubansa tsaye a tsakiya da ƙura a gira, yana gyara zaman hularsa. Sai tsohon ya tsaya cak, kamar wanda ya tuna wani abu. Ya ja sandarsa, ya fara matsawa gefe da sauri-saurin tsufa.

"Dakata tukuna," ya ce. "Bari in kauce, kada in fito a ciki a gane ɗan wane ne kai."